Kekuna Biyu a Hanyar Teku

Da hantsi ne, rana ta fito garau, iska mai ɗan sanyi tana kaɗowa daga teku. Fusako tana gaba a kan kekenta, kwandon ya cika da dunƙulen shinkafa da gorar shayi. Mijinta Tokuji yana biye a baya, kyamara rataye a wuya tana dukan ƙirjinsa.

"Baban Rie, taka mana! Ruwan nan ba zai jira ka ba."

"Ke da kika ce gwiwa na damunki?"

"Gwiwa ta ji sauƙi da ta ga yadda kake tafiya."

Gobe ne taron ƙungiyar su Fusako ta masu rubuta haiku, gajeriyar waƙar Japan mai ƙidayayyun gaɓoɓi; Tokuji ba ya ciki, hoto kawai yake ɗaukar mata. Kowa zai kawo hoto ɗaya da waƙa mai layi uku, ba suna a jiki. A jera su, kowa ya zaɓi wadda ta burge shi, Malama Koga mai koya musu ta karanta zaɓaɓɓun da ƙarfi, mai waƙar kuma ya ɗaga murya ya faɗi sunansa. Tun da Fusako ta shiga ƙungiyar ba a taɓa karanta tata ba. Ta sha gwada faɗin sunan nata a kicin, ita da tukunya. Kullum kuma gyaran Malama ɗaya ne: kada waƙa ta maimaita abin da hoto ya riga ya nuna.

Suka bi saman ganuwar da ta tare ruwa, gonakin alkama a hagu, laka a dama tana sheƙi iya ganinka. Teku ta ja baya can nesa. Ƙananan kifayen laka suna ta tsalle, hanyar siminti da masu noman ganyen teku ke bi da motocinsu ta fito sarai, ta miƙe cikin lakar da turakun lantarkinta.

Suka gangara suka bi ta da kekunan har tsakiya. Tokuji ya jingina nasa da turke, ya jingina nata da nasa.

"A nan za mu bar su?" in ji Fusako.

"A bakin tekun nan aka haife ni. Da sauran lokaci."

Ya yi gaba da kyamararsa. Ita kuma ta ɗauki abincin ta koma kan matakalar ganuwa ta zauna, tana ƙirga gaɓoɓin waƙa da yatsu. Da ya juyo ta ɗaga murya ta karanta masa:

Teku ta janye
hanya ta fito fili
iskar bazara

"Ta yi kyau!" in ji shi. "Daidai abin da na ɗauka ke nan."

Fusako ta ajiye dunƙulen da ke hannunta. "To ai shi ne matsalar, tsoho."

Ta sake gwadawa. Ta sa turaku, turaku suna cikin hoto. Ta sa laka, laka tana ciki. Duk abin da idonta ya gani, kyamarar Tokuji ta riga ta gani. Ta ci shinkafarta har ta kai ga ɗan itacen mai tsami da ake sawa a tsakiyar dunƙulen, ta sha shayi, ta zuba wa ƙaguwa ido. Can ta lura ƙaguwoyin duk sun shige ramukansu.

Ruwa ne yake dawowa. Ba igiya, ba ƙara, shimfiɗe kawai yake tahowa ta gefe da gefe, ya riga ya lashi bakin simintin.

"Baban Rie! Ruwa!"

Yana can ya durƙusa, ya ba ta baya, yana lallaɓa wani farin tsuntsu mai dogon wuya.

"Tokuji! Kai kurma!"

Ko motsi. Ta tuna ranar bikinsu ma haka aka yi ta kiransa yana bakin jirgin ruwa yana kwance igiya. Ta cire takalma, ta naɗe wando, ta shiga. Ruwan sanyi ƙalau, ya kai idon sawu. Sai da ta ja shi ta bayan riga ya waiwayo.

"Af! Ya zo ne?"

"A'a, ni na kawo shi a gora."

Suka juyo suna fantsama. Da suka kusa kekunan Tokuji ya tsaya cak. Hanya ta ɓace. Kekunan biyu suna tsaye a tsakiyar ruwa, ɗaya ya jingina da ɗaya, sararin sama a ƙarƙashinsu da samansu. Ya ɗaga kyamara.

"Yanzu kuma hoto? Gishiri zai cinye mini sarƙar keke!"

"Ɗaya tak, Maman Rie."

Ta tsaya tana jiransa, ƙafafu cikin ruwa, tana masifa ƙasa-ƙasa. Ba ta san lokacin da yatsunta suka fara ƙirga ba.

Washegari a zauren unguwa aka jera hotuna a kan tebur, aka yi zaɓe, aka sha shayi. Malama Koga ta gyara tabarau, ta ɗaga hoton kekuna biyu a ruwa, ta karanta a hankali:

Iskar bazara
har yau ba ya jin kira
ni ko ina nan

Matan da ke wurin suka fashe da dariya, wata ta ce, "Wannan ai mijina ne!" Malama ta duba jama'a tana jiran mai waƙa. Fusako ta buɗe baki, muryar ta fito fiye da yadda ta saba a kicin.

"Fusako!"

Har tsohon da ke gyangyaɗi a lungu ya farka.

Da aka tashi ta fito tana ta maimaita wa kanta yadda za ta ba da labari a gida. Ta hau keke, ta taka. Jiya sarƙar keken tana ta ƙara har gida, yau kuwa shiru. Ta leƙa ƙasa. An wanke sarƙar tas, an shafa mata mai, ƙaramin tsumma baƙi yana maƙale a gefen kwando inda Tokuji ya manta shi. Ta tura tsumman ciki, ta kaɗa ƙararrawa, ta bi hanyar ganuwa.