Tayarod ɗin da Ashafa Ya Ajiye

Shekara goma sha tara ina jan motar nan tsakanin Barkiya, Kurfi da Dutsin-Ma, kuma duk tasha an san ba mai iya tuƙa ta sai ni, Rabo. Ba wata gwaninta ba ce, sitiyarin ne ya yi sako-sako. Sai ka murza shi kusan taƙi guda kafin taya ta san da ita ake. In muka hau gargada gaban ya riƙa ƙwas-ƙwas kamar ana ɓare gyaɗa. Ni kuwa har fariya nake, wai ta san hannun mai ita. In ƙarar ta ishe ni sai in shiga ƙarƙashi in nemi tayarod, ƙarfen nan da ke haɗa sitiyari da tayar gaba, in naɗe kansa da robar tub ɗin taya, in ƙulle tamau, in ci gaba da harkata.

Abin haushin, bakanike na gida gare ni. Ashafa, mijin ɗiyata ta fari, garejinsa na nan Dutsin-Ma, kowa na yabon aikinsa. To amma suruki ne. In ya zo gaishe ni tun daga bakin zaure yake tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ni in kai masa mota, ya fito daga ƙarƙashinta ya dubi idona ya ce na yi sakaci? Allah ya kiyaye! Ta bayan kasuwa nake zagayawa don kada in bi ta gaban garejin.

Shi ma ya ga matsalar. Da ƙaramar sallah na fito na iske shi tsugune gaban tayar dama, yana shafa gefenta na ciki inda ta cinye ta yi sumul. Ya kama ta hannu biyu ya girgiza, ta yi ƙwas. Yana hango ni ya miƙe kamar an kama shi da sata. Da yamma ɗiyar tawa ta kawo mini ruwa, ta ce, "Baba, wai in ka samu sarari ka leƙa da motar."

Na ce, "Ke, ki ce masa motata lafiyarta lau."

"Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". 'Yar fari ce, tun da aka raɗa mata suna bai taɓa fita bakina ba. Haka na iske ubana na yi wa yayana, ni ma haka na yi.

Da damina ta yi nisa, gero ya fara fitar da kai, aka kawo ɗiyar tawa gida goyon ciki, wata takwas. Ran nan da hantsi ina wanke gilashi na ji uwarta, Tani, ta kurma ihu daga bayan gida. Yarinyar ta je tsinkar yakuwa, kububuwa ta sare ta a idon sawu. Na kira wani malamin asibiti da na sani, ya ce kada a ɗaure, kada a tsaga, a kawo ta Dutsin-Ma yanzu-yanzu, akwai allurar a hannunsu.

Muka kwantar da ita a kujerar baya, kanta bisa cinyar uwarta. Na taka motar nan yadda ban taɓa taka ta ba. Mun wuce gonakin gari, mun gangara wani kwari da ruwa ya zaizaye, sai taya ta faɗa rami, gau! Sitiyari ya juya a hannuna sakayau kamar faifai. Tayar dama ta kama gabanta, motar ta ja mu cikin dawar mutane ta tsaya.

Na faɗa ƙarƙashi. Kan tayarod ya fice daga gurbinsa, robar da na ɗaura tana reto. Na tura, na buga da dutse, na yage bakin rigata na ƙara ɗaurewa. Ko taku goma ba mu yi ba ya sake ficewa. Na sake, ya sake. Wallahi har cizon ƙarfen nan na yi don baƙin ciki.

Na kira 'yan tasharmu ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi lodi ya nufi Katsina, wancan ba ya ɗagawa, na uku ya ce, "Haba Rabo, hanyar da ɓarayin daji suka tare shekaranjiya? Ka yi haƙuri." Na zage shi tas, na kashe wayar. Hanya shiru, ba mota, ba ko amalanke. Babur ɗaya ya wuce da buhun taki, amma wa zai ɗora mai ciki wata takwas, ba ta ko iya zama, a bayan babur?

Tani ta ce, "Malam, dubi bakinta."

Na duba. Jini ne ke tsattsafowa daga dasashinta. Ƙafar ta kumbura har gwiwa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Malam, ka kira yaron nan."

Ashafa take nufi. Ko lambarsa ba ni da ita, ka ji rashin hankali. A wayar yarinyar muka samo. Yana ɗagawa ya fara yi wa matarsa wasa, na ce, "Ni ne." Na gaya masa maciji ya sare ta, na gaya masa inda muke, na ce sitiyari ya saki. Ya ce, "Baba, tayar dama ce?"

"Ta dama ce."

"Ga ni nan."

Minti arba'in muka yi muna jiransa. Na hau tudu na sauka ya fi sau goma. Tani na tofa mata addu'a, tana goge jinin da gefen mayafi, mayafin na ƙara rinewa. Ni ban iya komai ba sai kai da kawowa ina cewa, "Ke, ki daure. Ke, kina ji na?"

Da ya iso bisa babur, jakar kayan aiki a bayansa, sai ga shi yana neman tuɓe takalmi zai durƙusa. Na daka masa tsawa: "Tashi! Yau ranar gaisuwa ce?" Ya leƙa ta taga ya dubi matarsa sau ɗaya, fuskarsa ta canza, ya juya ya ɗauko jak. Ƙasa jiƙe take, jak ɗin na nutsewa, na ciccibo faffaɗan dutse muka ɗora shi a kai. Ya buɗe jakar ya zaro sabon tayarod a cikin ledarsa, ledar duk ta yi ƙura don ajiya.

Na ce, "Yaushe ka sayi wannan?"

"Tun bayan sallah, Baba."

Muka kwanta ƙarƙashin motar ni da surukina, kafaɗa da kafaɗa, cikin taɓo. Ya kwance notin, ya buga guduma sau biyu guntun tsohon ya faɗo. Yana warware sauran yana ƙirga zagayen a fili, goma sha bakwai, don in ya ɗaura sabon daidai haka taya ta zauna saiti. "Baba, riƙe nan. Ba nan ba! Nan!" Ni da ko idona ba ya iya kallo, yau tsawa yake yi mini, ni kuma ina cewa to. Ya ɗaure, ya sa fil ya lanƙwasa. Ya fito ya kama tayar gefe da gefe ya girgiza, ba motsi. Ya kama sama da ƙasa, sai ta yi ƙwas.

"Boljoin ma ya ci, wanda taya ke juyawa a kansa," in ji shi. "Zai kai mu in Allah ya so. A guji rami."

Muka bar babur ɗin cikin dawa. Na shiga na tayar, muka hau hanya. Kwana ta farko na murza sitiyari taƙi guda yadda na saba, motar ta yi wuf ta nufi kwalbati, saura ƙiris. Na gyara, ta yi ɗaya gefen. Hannuna bai san lafiyayyen sitiyari ba, lalataccen ya sani. Na taka burki na fito.

"Karɓi tuƙin."

Shekara goma sha tara ba wanda ya zauna kujerar nan sai ni. Na koma baya na ɗora ƙafafun ɗiyata bisa cinyata. Mun hau kwalta ke nan Tani ta fashe da kuka: "Malam, ta daina amsawa!"

Na ce, "Ke!" Shiru. Na girgiza ta. "Yarinyar nan!" Shiru. Idonta a lumshe, leɓenta ya yi fari.

"Surayya! Surayya, buɗe idonki, Babanki ne!"

Ta buɗe a hankali, ta dube ni kamar ba ta gane ni ba. Da kyar na ji ta ce, "Baba, kai ne ka kira ni?"

"Ni ne, Surayya. Kada ki yi barci."

Haka na yi ta kiran sunan nan har Dutsin-Ma, hawaye na zuba cikin gemuna, ban ji kunyar kowa ba.

An yi mata allura, Ashafa ya ba da jini. Surayya ta tashi, alhamdu lillahi. Ɗan cikinta ne bai zo da rai ba. Namiji ne, da la'asar aka fito mana da shi. Ungozomar asibitin ta ce jini ya daɗe yana zuba ta ciki, ba ta ƙara komai a kai ba. Ba wanda ya ce laifina ne, kowa sai dai ya ce haka Allah ya ƙaddara, kuma na yarda. Amma ni direba ne, na san hanyar nan. Tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba muka yi wa awa biyu da rabi. Gyaran kansa minti ashirin ne.

Bayan mun dawo daga maƙabarta ina zaune a zaure, Ashafa ya zo. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, kansa a ƙasa kamar da. Ya ce, "Baba, boljoin ɗin nan... in ka samu sarari."

Na miƙa masa makulli. Na ce, "Sai an je Katsina a sayo ko?"

Ya ƙara sunkuyar da kai.

"Yana nan cikin jaka, Baba. Tare na saye su."