Wayar Shagon Sharfaddeen

Tun da Zinnira ta shiga takaba duniyarta ta koma ɗaki ɗaya a gidan surukanta da ke Lakwaya, da taga mai kallon bangon maƙwabta. Ba kwalli, ba turare, ba leƙa zaure. Gwaggo, mahaifiyar mijinta, kullum tana bakin ƙofa da carbi, ko tari Zinnira ta yi sai ta ji an ce mata sannu.

Mijin nata, Sharfaddeen, shagon maganin dabbobi gare shi a Gwarzo, kuma da kansa ya tsara wayar shagon. In makiyayi ya kira ba a ɗauka ba, muryarsa ce ke fitowa, ta yi sallama, ta tambayi lafiyar garke, ta ce a faɗi abin da ke damun dabbar. Bayan sadakar bakwai ƙaninsa Mahbub ya ga wayar tana nauyi, ya kai wa masu gyara a kasuwa suka wanke ta tas. Ya dawo yana murna wai ta koma sabuwa.

Zinnira kuwa ba ta da muryarsa a ko'ina. Shi ba ya aika saƙon murya, yakan ce aikin ragwaye ne. Har ta fara kama kanta tana ƙoƙarin tuno yadda yake kiran sunanta, abin yana sulluɓe mata kamar sabulu a ruwa.

Da ta ji Bappa, babban gidan, ya sa a tattara kayan mamaci a kulle har ranar rabon gado, sai ta roƙi Mahbub ya kawo mata wayar da tsohuwar kwamfutar yayansa. Ta san marigayin yakan juye tsarin wayar ya adana a ciki. Mahbub ya kawo da hantsi, ya ce bayan la'asar zai dawo ya ɗauka, don Bappa ba ya maimaita magana.

Ta haɗa su da igiyar caji, ta buɗe ma'ajiyar. Ashe bawan Allahn nan bai taɓa sa kwanan wata ba. Kowace ajiya da abin da ya faru ya raɗa mata suna: bayan girbin gero, makon da shanun Altine suka yi ciwon huhu, ranar da Zinnira ta ƙona shinkafa. Ta toshe baki da mayafi, ita kanta ba ta san dariya take ko kuka ba.

Ta bi su tana buɗewa. Ga ƙarfin ƙara, ga lokacin buɗe shago, ga sunayen masu kira, amma gurbin murya fayau. Ba wuta, cajin kwamfutar yana ta raguwa, Gwaggo ta leƙo ta ce azahar ta yi. Can ƙasa ta ga wata da ta fi duka nauyi, mai suna watan amarci. Zuciyarta ta ba ta cewa nauyin nan muryarsa ce. Kwamfutar ta yi gargaɗin cewa tsohon tsari zai maye gurbin na yanzu. Ko karantawa ba ta gama ba ta danna.

Da aka gama juyewa ta ɗauki tata wayar ta kira layin shagon. Wayar ta yi ta ruri a kan tabarma, ita kuma ta runtse ido tana jiran sallamarsa. Sai kiran ya katse. Ta sake, ya sake katsewa. Tana cikin haka kwamfutar ta mutu, Mahbub ya yi sallama, ya kwashe kayan yana ba ta haƙuri, ya kai ɗakin Bappa aka sa kwaɗo.

Rana ta yi sanyi wayarta ta yi ƙara da baƙuwar lamba. Wani dattijo ne, ana jin kukan shanu a bayansa. Ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce shi ne Ya'u na Gammo, Malam Sharfaddeen yake nema.

A nan ta tuna. A watan amarci bai riga ya ɗauki muryar ba. Abin da ya yi shi ne ya karkato duk kiran da ba a ɗauka ba zuwa wayarta, wai kada kewa ta cinye masa amarya. Wannan tsarin ta dawo da shi, ga wayar shago a kulle inda babu mai ɗauka.

"'Yata, kina jina? Ki ce masa saniyar nan ta tashi, har ta ci dusa."

"Baba," ta ce, "Allah ya yi masa rasuwa."

Ba ta taɓa furta maganar da bakinta ba sai yau. Dattijon ya shiga salati.

Gwaggo ta shigo ta ce mai takaba ba ta hira da maza a waya, ta ce ta kashe wayar. Zinnira ta ce to. Amma in ta kashe, mutanen nan za su yi ta kira daga rugage suna zaton yana nan, ya ƙi ɗauka ne. In ta bari kuma, kowane kira sai ta sake binne shi da bakinta. Ta dubi ƙofar da ba za ta fita ba, ta dubi Gwaggo da ta miƙo hannu.

Wayar ta sake ƙara, wata lambar daban. Zinnira ta share fuska da gefen mayafi, ta juya wa ƙofa baya, ta ɗauka, ta yi sallama ƙasa-ƙasa.