Wanda Ke Karɓa a Can

Shekarar farko da Yaya ya tsallaka ƙasar waje neman aiki, duk mako yake kiranmu. Daga baya kiran ya ja baya, har ya ɗauke gaba ɗaya. A saƙonsa na ƙarshe ya ce aiki ya tsaya, a taimaka masa da abin da ya samu. Tun daga nan Baba yake tura masa kuɗi duk ƙarshen wata. Wayar Yaya tana shiga, ba a dai ɗauka. Baba zai aika masa lambar sirrin karɓa ta saƙo, kafin yamma mai shagon tura kuɗin ya ce, "An karɓa." Da wannan maganar muke rayuwa. Ranar ce kaɗai Inna take cin abinci har ta nemi ƙari.

Ana nan sai mai shagon ya rufe, ya koma sayar da taya.

Baba gyaran keken ɗinki yake yi, ba ruwansa da harkar zamani, don haka ni ya ja muka shiga layin masu tura kuɗi. Shagon farko ɗan tsukuku ne a ƙarƙashin bene, fanka na ta ƙara a kan teburi. Mai shagon ya washe baki ya ce, "Mu lamba kawai muke nema, Baba. Duk wanda ya kawo ta a can, a miƙa masa. Ko akuya ce."

Na biyun mai ƙofar gilashi ne, da kujerun jira. Matar da ke bayan kanta ta ce ladansu ya fi sauƙi, amma fa sai mai sunan ya je da kansa, da katin shaida, a dubi fuskarsa kafin a ba shi.

Da muka fito, Baba ya tsaya a bakin titi yana kallon motoci.

Na ce, "Baba, mu ɗauki na biyun."

"Na farkon ya fi sauri."

"Ba sauri kake nema ba. Tsoro kake ji." Ban taɓa yi masa magana haka ba, amma bakina ya riga ya buɗe. "Shekaru ke nan ba mu ji muryarsa ba. In ba shi ne ke karɓa ba fa?"

Ya goge tafin hannunsa a jikin riga kamar akwai baƙin mai, alhali babu. Ya ce, "In kuma ba a karɓa ba, ke za ki faɗa wa uwarki?"

Na ce ni zan faɗa. Muka koma shagon gilashi.

Yamma ta yi, ba a karɓa ba. Washegari ma haka. Kowace safiya Baba kan biya ta can kafin ya buɗe rumfarsa, matar ta duba kwamfuta ta girgiza kai. Inna ba ta tambaye ni komai ba, ta dai shiga share ɗakin Yaya kullum, tana buɗe taga wai iska ta shiga. Ni kuwa ko takun mutum na ji a ƙofar gida sai na tashi na leƙa.

Wata ranar da hantsi, na kai wa Baba abinci rumfa, wayarsa ta yi ƙara. Lambar Yaya ce. Ya ɗauka, ya danna ta yadda ni ma zan ji.

Muryar mace ce, Hausarta a karye. "Me ya sa kuka canza wuri? Ba shi da takarda. In ya je can, kama shi za a yi."

Baba ya ce, "Wace ce ke? Ba ni ɗana, don Allah. Kalma ɗaya."

"Ba ya jin daɗi. Yana kwance."

Sai shiru. A cikin shirun, can nesa da ita, wani namiji ya yi tari, busasshe, ya sake yi. Wayar ta katse. Muka kira, muka sake kira, tana ta shiga ba a ɗauka.

Baba ya zauna a kan akwatin kayan aikinsa. "Tarinsa ne," in ji shi. "Kin ji ai. Tarinsa ne."

Na ji. Na kuma nemi tarin Yaya a cikin kaina, na rasa. Na tuna dariyarsa, na tuna yadda yake kiran sunana daga ƙofar gida, amma tarinsa ban iya tunawa ba.

A ranar Baba ya karɓo kuɗinsa daga shagon gilashi ya kai ƙarƙashin bene. Ni na raka shi, ni ma na rubuta saƙon lambar. Kafin yamma aka ce an karɓa.

Har yau can muke turawa. Matar ba ta sake kira ba. Inna ta gama yarda cewa surukarta ce, har ta saya mata atamfa ta ajiye a akwati. Ni dai in ina cikin bas wani ya yi tari a bayana, sai na waiwaya na dube shi da kyau, har ya tsargu ya kau da kai.