Kwalaben da Aka Fitar daga Firji

Khairiyya malamar bayoloji ce a wata sakandaren 'yan mata a Batsari, tana kuma karatun digiri na biyu a Katsina. Bincikenta ya samo asali ne daga wata ruga a bayan Runka, wurin Tasalla, matar da ke kawo wa mahaifiyarta nono tun Khairiyya na yarinya. Shanun Tasalla sun daɗe suna fama da ciwon hantsa. Sai hantsar ta kumbura ta yi zafi, nonon ya riƙa fita da gudaji da jini, a yi ta allura har a gaji babu sauƙi.

Khairiyya ta tatso nonon, ta kuma ɗebo ruwan kududdufin da shanun ke tsayawa a ciki. Ta yi watanni a ɗakin gwaji tana tacewa tana shukawa a faranti. Wata safiya ta ga ɗigo-ɗigo fes, inda babu komai, a tsakiyar bakteriya, wato ƙwayar cutar hantsar, da ta lulluɓe farantin. A cikin ruwan nan akwai wata ƙwaya da ta fi bakteriya ƙanƙanta. Tana shiga cikin bakteriyar ta hayayyafa, sannan ta saki wani sinadari da ake kira enzayim, ya narkar da bangon bakteriyar daga ciki har ta fashe. Abin da allura ta kasa, wannan ya yi shi a kan faranti.

Ana cikin haka malaman jami'a suka tafi yajin aiki. Aka rufe ɗakin gwaji, wuta ta ɗauke. Khairiyya ta jera kwalabenta a ƙaramin akwati cikin ƙanƙara, ta kawo su kemis ɗin yayanta Sammani, don yana da firji mai aiki da sola. Ta yi masa bayani dalla-dalla, ya ce ta kwantar da hankalinta.

Azumi ya zo cikin tsananin zafi. Wata rana bayan la'asar ta biya ta duba. Tana buɗe firjin ta ga zoɓo da ruwan leda cunkushe har baki.

"Yaya, ina akwatina?"

Sammani na ƙulla wa wata mata magani, bai ɗago ba. Ya nuna saman kantar magani da haɓa. Akwatin na can ƙarƙashin kwanon rufi. Da ta sauko da shi sai da ya ƙona mata hannu.

"Tun yaushe?"

"Tun farkon azumi. Ai a rufe suke, me zai same su?"

"Me zai same su? Kai da kake sayar da allura kake tambayata me zafi zai yi musu?"

"Ki rage murya, akwai mutane."

"Su ji! Na shiga dajin da kai ko an ɗaure ka ba za ka shiga ba, na ɗebo abin nan da hannuna. Na ce maka kada a fitar, ka ce to. Ko waya ba ka iya yi mini ba?"

Ya ajiye ƙullin maganin. "Khairiyya, magani ba ya tafiya. Mutane ba su da abin saye, gonaki sun gagara zuwa. Ruwan sanyin nan shi ke ciyar da gidanmu, har da ke. In bar yara da yunwa saboda ruwan kwata?"

Ta ɗauki ledar zoɓo ɗaya ta maka da ƙasa. Ta fashe, ta ɓata masa ƙafar wando. Matar da ke jiran magani ta yi salati ta ja baya.

A gida Inna ta ce, "Yayanki ne, ki ba shi haƙuri."

"Ni zan ba shi haƙuri, Inna?"

"Ke ce ƙarama."

Khairiyya ta sha ruwa a tsaye, ba ta taɓa abincin ba.

Bayan salla ta hau akori-kura zuwa Runka don ta sake ɗebowa. Ba a ruga ta sami Tasalla ba, a cikin gari ta same ta, gidan wani ɗan'uwanta, zaune a kan tabarmar aro. Suka gaisa, suka tambayi gida da yara da zafi.

"Malama, maganin ya samu?" in ji Tasalla. Ba ta jira amsa ba ta ce, "Ko ya samu, wa za a ba? 'Yan bindiga sun kore shanun duka, har wata mai ciwon. Ita da ƙyar take tafiya, suna ta dukanta."

Khairiyya ta jajanta mata. Ta fita tasha ta nemi mai babur da zai kai ta kududdufin. Duk wanda ta faɗa wa wurin sai ya girgiza kai. Wani dattijo a cikinsu ya ce, "Malama, ki koma gida tun da rana." Ta koma da kwalabenta babu komai a ciki.

Da aka janye yajin aiki ta gwada abin da ke cikin akwatin. Bakteriya ta lulluɓe faranti tas, babu ɗigo ko ɗaya. Malamin da ke duba aikinta ya ce lokaci ya ƙure, ta canja batu, ta tattara abin da wasu suka rubuta ta gama.

"Ba zan canja ba, ranka ya daɗe," ta ce. "Na gan shi da idona."

"To sai ki ƙara shekara."

"Zan ƙara."

Ranar kasuwar Batsari ta sa safar hannu ta tafi mayanka neman ƙwayar a can. Ta durƙusa bakin magudanar da jini da kashin shanu ke bi, tana cika kwalba, mahauta na kallonta suna raha. Ta ce wa mafi surutunsu ya matsa yana tare mata haske, ya matsa. Tana miƙewa ta ga Sammani a kan babur ɗinsa a bakin hanya.

"Hau in kai ki tasha," ya ce.

Ta wuce shi ta tare ɗan acaɓa.