Fitilar Hawa na Uku

Tun tana yarinya ake kiranta Bahaguwa, domin duk dukan da mahaifiyarta ta yi wa hannun nan nata na hagu bai sa ya saki fensir ba. Da ta girma zane ya zama sana'arta, sai dai ba a takarda ba. Tana da allon kwamfuta wanda bai fi faranti girma ba, da alƙalaminsa. Duk abin da ta zana a kai, majigi ya ɗauka ya watsa a jikin gini, jama'a na tsaye suna kallon layi yana tafiya a bango kamar mai rai. A bana aka ba ta bango mafi girma a bikin haske da ake yi a dandalin gari. Ta yi murna har ta kasa cin abinci, kafin a gaya mata wane bango ne.

Tsohon benen da ta tashi a cikinsa ne, wanda ke fuskantar dandalin. Wani kamfani ya saye shi, ya lallaɓa wasu 'yan haya, ya tsorata wasu, har suka watse. Kamfanin nan kuma shi ya ɗauki nauyin bikin, kuma abin da yake so a zana a jikin benen shi ne hoton rukunin shagunan da zai gina in an rushe shi. Ya riga ya shaida wa hukumar gine-gine cewa ko kyanwa ba ta saura a ciki ba. To, kyanwa dai ta tashi, amma Inna, mahaifiyar Bahaguwa, tana nan daram a hawa na uku da kekenta na ɗinki. An nuna mata wani ɗaki can bayan gari inda babu mai kawo ko facin wando, ta duba shi sama da ƙasa, ta ce Allah ya ba mai rabo.

Da la'asar ranar bikin Bahaguwa na tare da Gajere suna saita majigi. Gajere shi ne mai kula da na'urori, mutum ne da sai ya sunkuya yake shiga kowace ƙofa, don haka abokan aiki suka laƙaba masa sunan. Suna cikin daidaita gefen hoto da gefen gini sai ga Manajan kamfanin, da wayoyi biyu a hannu da murmushin da ba ya kaiwa ido. Ya ja ta gefe. Ya ce ya san tsohuwar da ke sama mahaifiyarta ce, kuma abin alfahari ne a ce 'yar gidan ce za ta yi wa gidan bankwana. Abu ɗaya kawai yake roƙo: ta hau ta ce wa tsohuwa ta kashe fitila ta saki labule har a tashi. Shugaban hukumar gine-gine zai zauna a sahun gaba.

Bahaguwa ta gane abin da yake gudu. Majigi ba ya zana baƙi. Baƙi a wannan aiki shi ne wurin da ba ka haska ba. Don haka babu yadda za a yi da tagar da ke da fitila a ciki, za ta fito tsakiyar hoto ne ƙuru-ƙuru. In kuwa tagar ta yi duhu, gari guda zai zama shaida cewa benen kango ne, Inna kuma ba ta da sauran abin da za ta tsaya a kai. Manaja ya ƙara da cewa, cikin taushin murya, garin nan bango ya yi masa yawa, amma masu ba da bangon ba su da yawa, kuma duk sun san juna.

Ta hau benen. An ciccire ƙofofin hawa na ɗaya, iska na shiga ta fita yadda ta ga dama. A kwanar matakala har yanzu akwai akuyar da ta zana da gawayi tana 'yar firamare, mai ƙafa biyar, wadda ta jawo mata ranƙwashi. Tun daga hawa na biyu take jin ƙarar keken, kakat-kakat, ba gaggawa ba hutu.

Ta tarar da Inna zaune gaban taga, tef a wuya, tabarau a kan hanci, tana haɗa rigunan makaranta da aka ce ana so da safe. Bahaguwa ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi ciwon gwiwa, ta yaba yadin, ta yi ta kewaye-kewaye. Daga ƙarshe dai ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce na ɗan lokaci ne, ta ce wannan dama ce da ta daɗe tana jira, ta ce fitila ɗaya ba za ta hana katafila zuwa ba.

Inna ta cire allurar da ke bakinta ta soke a gefen zane.

"Su suka aiko ki, ko ke kika zo?"

"Inna, duk ɗaya ne."

"Ba ɗaya ba ne. In su ne, je ki ce musu ina aiki. In ke ce, ga makunni nan bayan ƙofa, kin san inda yake tun ba ki kai shi tsawo ba. Kashe da hannunki, ba zan ce miki komai ba."

Ta mayar da ƙafa kan keke ta ci gaba da ɗinki. Bahaguwa ta miƙe ta tsaya bayan ƙofar tana kallon makunnin, wanda ya yi baƙi saboda yawan taɓawa. Haushi ya cika ta. Tana jin haushin Manaja da ya sa ta a tsaka, tana jin haushin tsohuwar nan mai kafiya da ba ta taɓa sauƙaƙa wa kowa komai ba, tana kuma jin kunyar kanta da ta hawo da irin wannan saƙo. Ta fita ba ta taɓa shi ba, ko sallama ba ta yi ba.

Da ta gaya wa Manaja tsohuwa ta ƙi, bai nuna ɓacin rai ba. Ya ce ai ba komai, iyaye sai haƙuri. Ya koma gefe ya yi waya, ba a jima ba ta ga wani mai tsani ya jingina shi a jikin falwayar da ke ba benen wuta.

Ana idar da magariba dandali ya cika maƙil. An rataye fitilu a bishiyoyi, ana sakin kiɗa ta lasifika, yara na tsere da sanduna masu walƙiya. Teburin Bahaguwa na kan ɗan dandamali a tsakiyar jama'a, majigi na huci a gefenta, manyan baƙi na jere a kujeru a gabanta. Benen ya yi duhu tun daga ƙasa har sama. Ta duba hawa na uku, babu komai. Ta ce a ranta to shi ke nan, an hutar da kowa, amma ba ta ji ta huta ba.

Aka sanar da ita, aka yi tafi, ta fara. Ta ja dogon layi shuɗi daga tushen ginin zuwa ƙololuwa, jama'a suka yi shewa. Ta fitar da ginshiƙai, ta jera gilasai, ta sa matakala mai tafiya da kanta. Hannun na aikinsa, shi ba ruwansa. Manaja na tsaye bayanta yana gyaɗa kai kamar shi ke riƙe da alƙalamin.

Sai wani ɗan haske ruwan ɗorawa ya bayyana a tsakiyar gilasan nata. Ya yi rawa kaɗan, ya tsaya. Fitilar ƙwai ce, tsohuwar fitilar da ke ƙarƙashin gado tun zamanin mahaifinta. Mai tsani ya yi aikinsa, amma babu wanda ya tuna keken Inna na ƙafa ne.

Manaja ya sunkuyo har tana jin turarensa. Ya ce ya san ba za a iya rufe tagar da baƙi ba, amma ana iya nutsar da ita. Ta zuba farin haske mai ƙarfi a wurin, ta mai da shi allon talla, ba wanda zai lura da wata fitila. Gaskiya ya faɗa, hakan zai yi. Bahaguwa kuma ta san ƙarfin majigin nan. Ko Gajere ba ya gilmawa ta gabansa sai ya kare fuska. Ta hango farin nan yana faɗawa cikin ɗakin, a idon tsohuwar da sai ta yi ta laluben kafar allura.

"Yallaɓai, matsa kaɗan, kana tare min hannu," in ji ta.

Ya matsa, yana zaton ta yarda. Ta sa yatsa ta share rukunin shagunan gaba ɗaya, gilasai da ginshiƙai da komai. Jama'a suka ɗauka salo ne, suka yi tafi. Ta bar tagar Inna a yadda take, ko ɗigon haske ba ta sa mata ba. Daga gefen tagar ta jawo siririn layi ja kamar zare, ta kai shi tagar da ke maƙwabtaka, ta zana mai gyaran rediyo da tabaransa mai ƙafa ɗaya. Ta ja zaren zuwa ƙasa, ta zana mai kitso da kan wata a cinyarta. Ta zana direban nan mai ƙaton tumbi yana shanya singileti, ta zana malamar makaranta da tulin littattafan da take dubawa. Kowa ta sa shi a tagarsa ta ainihi, domin ba ta buƙatar a tuna mata.

Ashe tsofaffin 'yan hayan na cikin taron. Sun zo ne su ga gidan a tsaye karo na ƙarshe, kowa ya raɓe a inda ya samu. Wata mata ta fara cewa wallahi ga ɗakinsu can. Direba ya ɗaga murya daga baya yana rantsuwa tumbinsa bai kai haka ba, aka bushe da dariya, Bahaguwa ta ƙara masa girma. Wani ya ce an manta tantabarunsa a rufin bene, ta sakar masa su suna tashi. Wata tsohuwa ta matso har bakin dandamali ta ce mijinta ya rasu, amma a can ƙarshen hawa na biyu yake zama da buta. Bahaguwa ta zaunar da shi. Dariya ta ragu, mutane suka fara nuna wa 'ya'yansu tagogi da yatsa.

Manaja ya ce ta tsaya, ta yi kunnen uwar shegu da shi. Ya ce ta gama aiki a garin nan, ta ce ta ji. Tsoro na nan a cikinta, amma hannunta na hagu ko gezau. Ya juya kan Gajere ya ce a kashe majigi yanzun nan. Gajere ya ce to, ya durƙusa yana neman makunnin da shi ya ɗaura da hannunsa, ya duba nan, ya duba can, har da ɗaga tabarma. Manaja ya ga abin na neman zama wasa, ya bi babbar wayar da kansa ya fizge ta daga jikin janareta.

Wayar nan kuwa ba majigi kaɗai take ɗauke da shi ba. Kiɗa ya yanke, fitilun bishiyoyi suka mutu, mai rediyo da mai kitso da direba da tantabaru duk suka ɓace lokaci guda. Dandali ya yi tsit. A duk faɗin bangon nan babu abin da ya saura sai taga ɗaya, da inuwar mace ta sunkuya tana aiki. Da yake babu sauran hayaniya, har ƙarar keken ana jiyowa daga sama, kakat-kakat.

Shugaban hukumar gine-gine ya juyo a kujerarsa ya tambayi wace ce waccan, ba an ce babu kowa ba? Manaja na tsaye riƙe da wayar lantarki a hannu.

"Mahaifiyata ce, ranka ya daɗe," in ji Bahaguwa, da muryar da na baya ma suka ji. "A can take zaune. Ɗinki take yi."

Ba ta jira abin da za su ce wa juna ba. Ta sa allonta a jaka, ta ratsa jama'a suna buɗa mata hanya, ta hau matakalar nan cikin duhu ba tare da ta yi tuntuɓe ba. Ba ta san ko za a bar benen ba, ba ta kuma san ko za ta ƙara samun bango ba. Ta tura ƙofa ta yi sallama.

Inna ta amsa ba ta ɗago ba. Ta ce zaren ya tsinke, kuma idonta ya ƙi ganin kafar allura, a zo a riƙe mata fitila. Bahaguwa ta ɗauki fitilar da hagu, yadda ta saba ɗaukar komai. Inna ta dubi hannun ta saman tabarau, ta daɗe tana dubansa, sannan ta zura zarenta a tashi ɗaya.

Bahaguwa ta yi niyyar ajiyewa.

"Wa ya ce ki sauke?" in ji Inna, tana mai da ƙafa kan keke. "Matsa bakin taga, ki ɗaga ta sama. Na ƙasa ba sa gani sosai."