Guraben da Mama Celina Ta Cike

Shekarar da soja suka koma bariki, ita ce shekarar da wata masaƙa a Kakuri ta sallami Wilfred. Gari na ta murnar mulkin farar hula, shi kuwa bayan shekara goma sha bakwai a gaban inji, ga shi zaune a Narayi yana taya matarsa ƙulla gyaɗa a leda.

Da ya ji wani kamfanin iri na neman manoman kwangila, ya kai kansa da takardar gonarsa ta Kamazou. Aka haɗa shi da malamin gona, Malam Abdulmalik, mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa ba.

"Ba abinci za ka noma ba, iri ne," in ji malamin. "Kada wata masara ta kusanci gonar nan. Baƙon tsiro ɗaya ya yi fure a ciki, iska ta watsa garinsa, to gona ta tashi daga iri, kai ma ka tashi daga kamfani."

Wilfred ya bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya yana roƙo, har suka haƙura suka shuka gyaɗa da waken suya. Ya gargaɗi kowa, ban da mahaifiyarsa, Mama Celina, wadda ta zo daga ƙauye jinyar ƙafa. Mai ciwon ƙafa, ina ita ina gona?

Ashe ƙafar ta warke. Kwana goma bayan shuka tsohuwa ta lallaɓa ta je gani, ta tarar da gurabe inda tsuntsaye suka tone iri. A garinsu kuwa barin gurbi a gona abin kunya ne, kamar fita da yagaggen zane. Ta kwance ƙullin irin da ta zo da shi, ta cike kowane gurbi tsaf, ta dawo ta ci gaba da ɗingishi.

Bayan sati shida Malam Abdulmalik ya zo dubawa a babur. Ya shiga layi na uku ya tsaya.

"Wannan dogon mai jan kara, ɗan wane gida ne?"

Wilfred ya duba. Ga wani can. Ga wasu can, sun ɗara na kamfani da kamu guda.

"Sun kusa fure," in ji malamin. "Jibi zan dawo."

A gida Wilfred ya ce, "Mama, ke ce?"

"Ni ce mana. Ka ga yadda suka fi nasu tsayi?"

"Ina kika samo iri?"

"Jar masarar babanka."

Ya san ta sarai. Ita ce ake ratayewa a saman murhu tun yana yaro, kuma tun da uban ya rasu Mama ce ke riƙon ta.

"Akwai saura?"

"Sauran me? Ɗa nawa gare ni? Duka na zuba maka."

Abin ya sosa masa rai. Amma yaransa uku ba sa cin tarihi. Washegari ya shiga gona ya soma tugewa, ɗaya bayan ɗaya. Mama na biye da shi, tana tattarawa tana ɗaurewa. Ta ce awaki za su ci.

Malam Abdulmalik ya dawo, ya zaga gonar sau biyu, ya sa hannu a takarda, ya ce, "Ta yi." Aka kafa allon kamfani a bakin hanya.

Mama Celina ta daɗe tana kallon allon.

"Wannan irin naku, in mutum ya ajiye ya shuka baɗi fa?"

"Ba zai yi kyau ba, Mama. Kowace shekara sai an sayi sabo."

"To," ta ce. "Na babanka shekara arba'in ba a taɓa saye ba."

Ta kakkaɓe tsumman ƙullin, ta ninke shi, ta miƙa masa ya share zufa.