Rigar da Tsohuwa Ta Bari a Rabi

Shekara da shekaru marinin nan yana rina zaren ulu da siliki a bayan gida, matarsa tana saƙawa, masu hannu da shuni suna zuwa su kwashe. Shi kuwa ko hular sanyi bai taɓa samu daga hannunta ba. In ya yi ƙorafi sai ta ce, "Kai da kake wuni a bakin tukunyar rini, ta ina sanyi zai shige ka?"

Sai da ciwo ya kwantar da ita ta ce ya rino mata shuɗi mai duhu, za ta yi masa riga ya daina mata mita. Ya rina mata ulu mai laushin da ko manyan masu saye ba ya ba su. Ta gama bayan rigar, ta kawo gaban har ƙirji, sannan Allah ya karɓi abinsa.

Gidan ya yi masa faɗi. Da hantsi yakan ɗauko rigar ya shimfiɗa a cinya yana bin ta da yatsa. Ƙasanta a tsare yake, saƙar mace mai ƙarfinta. Can sama kuwa, inda hannunta ya fara rawa, saƙar ta saki, har da 'yan ramuka inda zare ya kuɓuce mata. Ya san ranar kowane rami, don yana zaune a gefen gadon aka yi su. Wannan kaɗai ya rage masa da zai taɓa ya ji kamar ita ya taɓa.

Gemu ba ya hana ilimi, in ji shi, sai ya ɗauki tsinkayen saƙarta zai ƙarasa da kansa. Abin da ya fito ya fi kama da tabarma.

A haka matar ɗansa ta same shi ranar da ta kawo masa abinci. Yarinya ce mai kirki da zafin nama, irin waɗanda ba sa iya ganin abu a karkace su wuce, kuma a wurin marigayiyar ta koyi saƙa. Ta yi dariya har da riƙe ciki.

"Haba Baba, wannan ai sai ta goge maka fata! Kawo in ƙarasa maka."

"Wuya da hannuwa kawai suka rage, 'yata."

"Kar ka damu, Baba."

Ya so ya ƙara magana, kunya ta hana shi. Ta yaya dattijo zai ce wa surukarsa ramukan yake so?

Bayan ɗan lokaci ta dawo da ita a ninke cikin leda, fuskarta fal murna.

"Baba, na ga wajen ƙirjin duk ya saki, kuma hannuna da na Mama ba ɗaya ba ne, da an ga bambanci. Sai na warware ta tas tun daga ƙasa, na wanke zaren, na saƙo sabuwa. Gwada mu gani."

Marini ya karɓi ledar. Ya dubi idanunta da suka yi ja don aikin, ya ga ba ta da laifin da zai kama. Ya saka rigar, ta zauna masa cif.

"Allah ya yi miki albarka," ya ce.

Da ta tafi, zaman ɗakin ya gagare shi, ya fito ƙofar gida ya zauna a benci. Maƙwabcinsa tela ya tsallako titi, ya kama gefen rigar yana murzawa yana jinjina kai.

"Kai, Allah ya jiƙan baiwar Allah! Hannunta ba ya ɓuya. Ka ga ko ba komai ta bar maka abin tunawa."

Marini ya sunkuyar da kai.

"Amin," ya ce. "Ta bar mini."